Ranakun Baƙin Yadi

4 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hukuma da shago. Ya gwiwa? Ya kunne? Na san waya wahala ce gare ka, ni in yi ta ɗaga murya kai ka yi ta cewa "na'am", shi ya sa na koma takarda. Zan ba direban motar da ke bi ta gaban shagonka.

Mu nan lafiya. Mijina Mai Wuta yana gaishe ka, har yanzu yana jan wayoyi a ginin nan da ya ƙi ƙarewa. Makaranta ma lafiya. Bana aji huɗu aka ba ni, a hawa na uku.

Labari biyu gare ni. Na farko, ina da ciki, wata huɗu. Ka faɗa wa matarka, amma ta bi a hankali wajen yaɗawa.

Na biyu. Ranar Litinin na je hoton ciki. Na ce wa mai ɗaukar hoton bayana yana ciwo, sai ta ɗan matsa da kan na'urar sama. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ƙara man nan mai sanyi, ta sake duba hagu. Ta ce, "Malama, yaushe aka cire miki ƙoda?" Na ce ba a cire mini ƙoda ba. Ta nuna tabon da ke cikina ta ce, "To wannan fa?" Na ce hanjina ne ya naɗe ina 'yar shekara huɗu. Sai ta kira likita. Likita ya ce ƙodata ɗaya ce, ta dama, ta yi girma don ita kaɗai ke aiki. Ya ce ba haka aka haife ni ba, cirewa aka yi.

Na dawo gida na dafa shinkafa, na duba littattafan yara talatin da bakwai. Ban ji komai ba. Har yanzu ina jira in ji.

Shekarata talatin da uku, Kawu. Mama ta rasu, Baba ya rasu. A ɗakinka na bayan shago muka zauna lokacin aikin, wannan kam na tuna, da ƙarar keken ɗinki da ƙamshin sabon yadi. Kai kaɗai ka rage. Ina ɗaya ƙodar?

'Yarka,
'Yar Aljihu

13 ga Maris

'Yar Aljihu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mai Wuta. Takardarki ta iso. Direban naki ta taga ya miƙo ta, ko tsayawa bai yi ba, ni da gwiwata muka bi shi taku huɗu kamar masu neman aiki.

Gwiwa tana nan, mun saba da juna, ita ke faɗa mini in za a yi ruwa. Kunne kuwa ya yi ritaya ya bar ni a bakin aiki. Hukuma lafiya lau, tana kan mulki. Da na ba ta labarinki na farko, zama ta yi a kan yadin mutane ta yi kuka, sannan ta tashi ta faɗa wa mutum biyu kacal. Sai dai ɗaya daga cikinsu mai kitso ce. Allah ya raba lafiya. Wai yarinyar da ake cewa za ta shige aljihun rigata ita ce za ta ɗauki wani.

Labari na biyu kuwa, na karanta shi sau uku, na ninke, na danne da almakashi. Na yi kwana huɗu ina fama da wandon wani mutum da ya rantse ƙugunsa talatin da huɗu ne, tef kuma ya rantse arba'in ne.

Ki saurara. Mutane da yawa suna yawo da abu ɗaya a inda ake da biyu. Mai takalman da ke gefena ido ɗaya gare shi, kuma shi nake kira ya zura mini zare a allura. Tunda ɗayar tana aikinta, ki riƙa shan ruwa, ki rage gishiri, ki bar tone-tone. Mai ciki ba ta son yawan tunani.

An yi miki aiki kina ƙarama, gaskiya ne. An yi, an gama, kin tashi, kin yi karatu, kin yi aure, ga ki kina koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Ranar da za ku bar ɗakin nan, Yaya, mamanki, ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari a kan wata magana. Yanzu ba ta nan balle in je in ce ta sake ni.

Ki turo awon ƙugu na yanzu, in yi miki riguna masu yalwa. Kada ki yi irin na mai wando.

Kawunki

21 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karanta labarin mai takalma, ka gaishe shi.

Matakala arba'in da huɗu ce zuwa ajina. Da ban san adadinta ba. Yanzu in na kai hawa na biyu sai in tsaya in yi kamar ina karanta sanarwar abin da za a yi in gobara ta tashi. Na haddace ta. Takalmana sun daina shiga.

An tura ni wajen likitar zuciya, wata mace mai ɗan tabarau da ba ta ɓata magana. Ta ɗauki hoton zuciyar, ta ce a kan iyaka take, ba za ta ce lafiya ba, ba za ta ce ciwo ba. Ta ce ba a cire wa yaro ƙoda haka kawai. Ta ce akwai magungunan da ke ceto yaro amma su bar wa zuciya rauni, raunin ya yi shiru shekara ashirin, talatin, sai ranar da aka ɗora mata kaya mai nauyi irin ciki.

Tambaya uku ta ba ni. Wane ciwo ne. An yi mini ƙarin wani ruwa ja, in an yi sau nawa. An gasa wurin da na'ura, in an gasa, ciki ne kawai ko har da ƙirji.

In amsar ta yi nauyi, za ta riƙa ganina duk mako biyu, kuma a babban asibiti zan haihu, kafin lokaci. In ba ta yi ba, to gajiyar ciki ce, in dawo bayan wata biyu, don layin masu jiran ta ya yi tsawo.

Mai Wuta ya bar aiki kwana biyu ya je tsohon asibitin. An ce ruwa ya shiga ɗakin tsoffin takardu tun shekaru, babu abin da ya rage.

Ba tone-tone nake ba. Alkawarin nan Mama ka yi wa, amma jikin nawa ne, kuma yanzu ba ni kaɗai ce a cikinsa ba.

Ƙugu talatin da shida.

'Yar Aljihu

28 ga Maris

'Yar Aljihu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Yau na rufe shago da wuri, na ce wa Hukuma kada a kira ni ko wa ya zo.

Ciwon daji ne. Ga shi na rubuta, alƙalami bai karye ba, rufin shago bai faɗo ba. Shekara ashirin da tara ban furta shi ba. "Abin nan" muke cewa, ni da Yaya, kamar wani maƙwabci da muke gulma.

Tana yi miki wanka ta ji wani abu mai tauri a cikinki ta hagu. Babanki yana can wajen aikin hanya, sai wata uku-uku yake zuwa. Shagona ya fi kusa da asibiti, sai kuka tare a ɗakin baya. Ta ce mako biyu za ku yi. Wata goma sha huɗu kuka yi. Ina ɗinki a gaba, labule ɗaya ne tsakaninmu, in kin yi barci sai in bar keke in koma ɗinkin hannu. A shekarar nan na fi kowane tela a layinmu iya saka maɓalli.

An cire ƙodar da abin a jikinta. Sumarki ta zube, muka ce miki ƙwarƙwata ce. Ni ma na aske tawa na ce yayi ne. Taki ta dawo, tawa har yau ina jira.

Ranar da aka sallame ki, Yaya ta kwaso katin asibiti da takardun gwaji da duk wani abu mai tambari. Ta buɗe dutsen gugata na gawayi, ta riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye da rigar wani a hannu. Da ta gama na rufe dutsen na goge rigar, don wuta ta yi kyau. Ta ce ba ta so a riƙa kallon ki kamar baƙuwa mai shirin tafiya. Ta ce in aka sani, malamai za su riƙa tausaya miki, masu neman aure su riƙa juyawa daga bakin ƙofa, ke kanki ki riƙa tafiya a hankali. Ta ce, "Ƙanena, bari ta girma kamar kowa." Kada ki ga laifinta da yawa. Babu wanda ya faɗa mana magani yana da wutsiya mai tsawon shekara talatin. In ma an faɗa, ranar kunnenmu sallama kawai yake ji.

Ga amsar likitarki. Jan ruwan nan na tuna shi sarai, don fitsarinki ya koma kamar ruwan rini, Yaya ta tsorata ta fita ba takalmi neman nas. Sau biyu aka yi miki. In ya yi yawa, uku. Gashin na'ura kuwa a ciki ne, ta hagu, wajen aikin. Wannan na tabbata.

Tunda an buɗe, bari in ƙarasa. Kafaɗarki ta hagu ta fi ta dama sauka da rabin inci. Ba jakar makaranta ce ta ja miki ba kamar yadda aka ce. Gefen da aka gasa ne bai girma daidai da ɗayan ba. Duk rigar da na taɓa yi miki, har ta aurenki, da rabin incin nan na yanka ta. Shi ya sa kike cewa ɗinkin wasu ba ya zama miki. Ba gwanintata ba ce, sirri na sani.

Riguna biyu suna cikin leda wajen direba.

Kawunki

7 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Riguna sun zo, sun zauna daidai.

Na karanta wa likita amsarka. Ta rubuta, ta ce sau biyu ko uku, a ciki kawai, da sauƙi. Ta ce in huta, in ɗaga ƙafa, in dawo farkon Yuni.

Na ba Mai Wuta takardarka ya karanta a tsaye. Shi ya yi kuka, ni na ba shi ruwa. Ya tambaye ni ko ina fushi da Mama. Na duba, ban samu ba. Na tsaya gaban madubi na kalli kafaɗar, rabin incin yana nan, kamar an nuna mini ƙofa a ɗakin da na daɗe a ciki.

Wata malama ta ce fuskata ta canja. Na ce ciki ne. Ka ga ni ma na iya ɓoye magana.

Na gode da ka faɗa. Ba sai ka sake rubuto mini a kan wannan ba, ya isa.

'Yar Aljihu

2 ga Mayu

'Yar Aljihu,

Gaisuwa a gurguje, abin da ban saba ba. Kin ce kada in sake rubutowa, na ji, na yi mako uku ina biyayya. Yau dole in karya.

Jiya mai gyaran keke ya zo. Kin san ƙafar teburin keken nan ɗaya gajeriya ce, akwai wani abu da aka tokare ta da shi tun zamanin da. Da ya ɗaga teburin, sai ya ce, "Baba, wannan littafin na amfani ne?" Na karɓa. Tsohon littafin awona ne, na shekarar da kuka zauna a nan. Ƙafar keke ta yi masa rami a tsakiya, mai ya jiƙa gefensa, amma rubutun yana nan. Yaya ta ƙona duk abin da ke da tambarin asibiti. Ba ta tuna da littafin tela ba. Ni ma ban tuna ba.

Shafinki ya fi na kowa yawa, don duk wata sai na sake auna ki, kina ta raguwa, riguna suna yi miki yawa. Na rubuta tsawo da ƙirji da ƙugu. In nas ta faɗi nauyinki a gabana, shi ma ina sakawa a gefe, don hannuna ba ya jin lamba ya bar ta ta wuce.

Duk ranar jan ruwa riga biyu nake tanadar miki na baƙin yadi, saboda amai da fitsarin da ke ɓata kaya, masu buɗewa ta kafaɗa don kada a taɓa allura. Ina rubutawa, "ranar ja, baƙin yadi, riga biyu", da kwanan wata. Na ƙirga su jiya, na sake ƙirgawa, na kira mai takalma ya ƙirga da idonsa ɗaya. Biyar ne. Sau biyu ne na shiga ɗakin da kaina, su na tuna. Sauran ukun ina shago ina ɗinka rigar gaba.

Akwai na biyu, ya fi wannan. Kafin gashin na'ura sukan zana wurin da tawada a fata, su ce kada a wanke, kada komai ya goge ta. Sai na riƙa auna zanen don kada ɗinki ya bi ta kansa. Na zana shi a littafi kamar yadda nake zana yankan riga. Zane biyu ne, 'yata. Ɗaya na ciki, ta hagu. Ɗaya na ƙirji, gaba da baya, daga inci ɗaya ƙasa da ƙashin wuya har ƙarshen haƙarƙari, na rubuta kwana takwas a gefe. Da na gan shi sai na tuna sun ce abin ya taɓa huhu. Hannuna ne, ba zan yi musu da shi ba.

Na ce miki na tabbata. Ƙwaƙwalwata ta ci mini yadi, ta rage inda ya fi ciwo, ta miƙo mini sauran kamar shi ke nan. Likitarki ta yi lissafi da ƙaryata.

Ga littafin, na naɗe shi a ƙyalle. Na ce wa direba ya kai makarantarku, ta fi kusa da hanyarsa. Kada ki jira Yuni. Ki kai mata gobe.

Kawunki

1 ga Yuni

'Yar Aljihu,

Ina gaisuwa. Wata guda ke nan. Direba ya ce ya ba mai gadin makaranta littafin hannu da hannu, ya ce in daina tare shi a hanya, zan ja masa hatsari.

In fushi ne, ki yi, kina da gaskiya. Amma ki ɗauki fushin ki tafi da shi asibiti, akwai benci, za ku zauna tare.

Hukuma ta canja. Ta daina faɗa, tana kawo mini shayi ban tambaya ba. Na ce ta kira mini mijinki, ta ce wayarta ta lalace, ga ta kuma ina ganin bakinta yana motsi a kanta a bayan gida. Shekara arba'in da aure, ban taɓa jin tsoron kirkinta kamar yanzu ba.

Ban saka komai a ƙarƙashin ƙafar keken ba. Yana ta rawa, ɗinki yana karkacewa. Ko layi ɗaya ne ki turo.

Kawunki

20 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina raye. Na haihu, mace. Ita ma tana raye. Na fara da wannan don ka samu ka zauna.

Littafin kwana tara ya yi a ɗakin mai gadi, don lokacin na daina zuwa aiki, ƙafafuna sun kumbura, ina gida ina ɗaga su kamar yadda aka ce. Shugabar makaranta ce ta gan shi ta aiko. Washegari muka je ba ranarmu ba. Mai Wuta ya tsaya a ƙofar likita da ƙunshin ƙyalle har ta fito.

Ta buɗe a tsaye, sai ta koma ta zauna. Ta ce a samo mata abin awo mai inci. Ta ƙirga ranakun baƙin yadi da yatsa, ta haɗa da tsawo da nauyin da ka rubuta, ta yi lissafi a bayan wata takarda. Da ta zo kan zanen ƙirji, ta cire tabarau ta kira wasu likitoci biyu. Ɗaya ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Na ce tela. Ya ce, "Yana neman aiki?"

Aka sake hoton zuciya. Ta yi ƙasa sosai daga na Maris. Ranar ban koma gida ba. Mako bakwai na yi a gado, taga ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Na san motar kowane likita. Da cikin ya kusa wata takwas suka ce zuciyar ba za ta iya naƙuda ba, aka yi aiki. An bi ta ƙasan tsohon tabon. Yarinyar ba ta kai kilo biyu ba, ta yi kwana goma a akwatin gilashi, yanzu tana gefena. An duba, ƙodarta biyu.

Ba fushi nake ba, kuma ba duk rubutu na hana ka ba, maganar ce na gaji da ita. Tun ranar da aka kwantar da ni Mai Wuta ya kira Hukuma. Ita ta ce kada a faɗa maka sai an haihu, saboda hawan jininka. Na ce to. Ka ga abin namu gado ne.

Ga yadda aka tsaya. Zuciyar ba za ta koma yadda take ba, magani ne safe da yamma har ƙarshe. Ba zan sake ɗaukar ciki ba. Duk shekara za a duba nono da wuya da ƙodar, don sun ce inda aka gasa yakan tsiro da wani abu daga baya. Shugaba ta ce za a mayar da ajina ƙasa. Likita ta ce da mun jira Yuni, da wata magana ake yi. Ta faɗa kamar tana faɗin lokaci, ni ma haka na ji shi.

Ta rubuta mini komai a shafi biyu, sunan ciwon da magungunan da wurin gashi. Na yi kwafi huɗu. Ɗaya na yarinyar ne in ta iya karatu. Dutsen gugarmu na lantarki ne.

Na karanta littafin kaf a gado, har awon mutanen da ban sani ba. Akwai layi ɗaya a shafina, a wata na tara, tsakanin ranar ja ta huɗu da ta biyar. Ka rubuta "farin yadi, yadi biyu", ba awon hannu, ba na wuya, sannan ka ja layi a kai. Na san abin da ake yi da farin yadi ba hannu ba wuya. Ranar na rufe littafin na kasa cin abinci. Ina jin abin da nake jira tun Maris ya fara zuwa, a hankali, kamar ni a matakala.

Me ka yi da yadin?

'Yarka,
'Yar Aljihu

27 ga Yuli

'Yar Aljihu,

Barka, barka. Ina gaishe ki, ina gaishe da baƙuwarmu mai ƙoda biyu. Ni da Hukuma mun yi shari'a, na yi nasara, ita ta yanke hukunci. Ta koma faɗa, hankalina ya kwanta.

Yadin. Wata ranar Laraba likita ya ja ni gefe ya ce mu shirya, zazzaɓi ya fi ƙarfinki. Ban faɗa wa Yaya ba. Na dawo shago na yanko shi daga sabon bandir, na goge, na ninke, na sa a ƙasan akwati. Tela ne ni, ban san wani shiri ba sai wannan. Kwana shida yana nan. A na bakwai kika buɗe ido kika ce rigar da ke jikinki tana miki ƙaiƙayi a wuya.

Ban iya yar da shi ba, ban iya ajiye shi ba. Sai na yanka shi na yi aljihu. Duk wando da rigar da suka bar shagon nan a watan, da shi na yi musu aljihu, guda goma sha takwas. Mutane suka tafi da shi kasuwa da ofis da gidan biki, suna zuba makulli da goro a ciki. Daga nan na fara kiran ki da sunan nan. Kowa ya ɗauka don ƙanƙantarki ne, har Yaya, na bar su a haka.

Littafin naki ne, kada ki dawo da shi. Akwai shafuka fari a baya. Ki buɗe wa yarinyar nata, ki sa kwanan wata. Amma kada ki auna ta, malamai ba ku iya riƙe tef ba. Na yi magana da direba, ya yarda zai tsaya ranar Talata, tsayawa ta gaske, har in hau. Zan zo da tef ɗina, da yadi mai furanni.

Ki ce wa Mai Wuta ya tare ni a ƙasa. In gidanku da matakala, ni da ke za mu hau tare, muna tsayawa.

Kawunki